Wanda Ya Zauna da Inna Ranar da Na Riƙe Majalisa

Na san kowannenku ya ji labarin rasuwar kakarku, kuma na san ba iri ɗaya kuka ji ba. Wasunku a makaranta suka fara tsintarsa, a bakin yaran da ake hira a gabansu. Ke Maryam har gida kika dawo da kuka, kika tsaya a ƙofar falona kina tambaya ko gaskiya ne ni na ba da uwata don a ba ni kujera. Ban amsa miki ba a ranar, na ce mahaifiyarki ta wanke miki fuska. Yanzu ƙarfi ya ja baya, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa. Zan faɗa muku abin da na sani, in tsaya daidai inda sanina ya tsaya.

A shekarar ina zango na biyu a majalisar dattawa. Ba iya siyasa ce ta kai ni can ba. Tsohon shugaban makaranta ne ni, kuma da yawa daga cikin masu faɗa a ji a jam'iyya sun bi ta ajina, da suka kasa daidaitawa a tsakaninsu sai suka tuna da ni. A zauren ma haka nake: kujerata na can baya, ban cika miƙewa ba, ba na neman shugabancin kwamiti, ba wanda ke tsorona. Gidanmu kuwa yana nan inda kuka san shi, cikin gari, da zauren da mahaifina ya karantar da ɗalibai har ya rasu, da ɗan masallacin ƙofar gida da nake jan salla duk ranar da nake Bauchi. Inna tana ɗakinta na ƙurya. Daga wata ruga a bayan Miri aka kawo ta tana yarinya, ta tsufa a cikin gari amma kunyar Fulani ba ta sake ta ba. Ni ne ɗan farinta, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallon fuskata. Idan tana da magana da ni, sai ta juya wajen Goggonku Asabe, ƙanwata da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta ce, ki gaya wa mutumin nan kaza, ni kuwa ina durƙushe a gabanta ina ji.

Da damina ta zauna sosai sai jikin Inna ya ƙi. Ba wani ciwo mai suna ba ne. Ta daina cin tuwo, daga baya ta daina masa ma, sai ɗan kunu da kindirmo. Likita ya duba ta ya ce tsufa ne, a bar ta a gida cikin mutanenta. Muka samu wata nas, matar wani soja daga barikin Shadawanka, tana zuwa kullum da hantsi ta sa mata ruwa. Na ajiye zaman majalisa na dawo gida, ina kwana a falo, ina wuni a bakin ƙofarta.

Ina nan zaune wata Talata bayan la'asar jagoran masu rinjaye na majalisa ya kira ni. Bayan ya tambayi mai jiki sai ya shiga maganar da ta sa ya kira. Shugaban majalisa yana wani taro a ƙasar waje, mataimakinsa kuma an kwantar da shi a asibiti. Ranar Alhamis ce zama na ƙarshe kafin dogon hutu, ga ƙudirin agajin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu yana jiran karatu na ƙarshe. Idan ba a zauna ba, sai bayan hutu, lokacin da ruwa ya riga ya gama abin da zai yi.

Ya kamata ku fahimci yadda abin yake. Majalisa ba ta zama sai da mai jagoranta. Idan shugaba da mataimakinsa duk ba sa nan, akawu ne zai sanar da zaure, sai 'yan majalisa su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya hau kujera na wannan zaman kaɗai. Shugaban wucin gadi ake ce masa. Ba sabon ofis, ba mota, ba jiniya. Amma muddin yana kan kujerar, shi ke ba da izinin magana, shi ke hanawa, shi ke sauraron masu ee da masu a'a ya faɗi wanda ya rinjaya, kuma abin da ya buga wa guduma ya zauna. Da mai kujera zai shigo ana tsakiyar zama, sai ya sauka ya koma wurinsa. A shekarar kuwa zauren ya rabu biyu, kowane ɓangare na tsoron idan mutumin ɗayan ya hau, zai buɗe ƙofar tsige shugaba a bayan idonsa.

"Malam, mun kwana biyu muna jan sunaye," in ji jagora. "Naka ne kaɗai da aka ambata ba wanda ya ɗaga murya."

"Mahaifiyata na kwance," na ce.

"Na sani, ranka ya daɗe. Yini ɗaya ne. Ana tashi ka kamo hanya."

Na ce zan yi shawara. Washegari da safe na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Tana kwance ta fuskanci bango, Asabe na zaune a gefen gadon tana mata fifita, ɗakin na ƙamshin turaren wuta da man shanun da ake shafa mata a ƙafa. Na yi wa Asabe bayani da murya a sama, don da Inna nake. Ban kai ƙarshe ba Asabe ta ajiye maficin.

"Yaya, idan ka fita daga gidan nan ba za ka same ta ba. Dubi ƙafafunta. Ni na yi jinyar mijina, na san abin da nake gani."

"Mutane na kwana a makarantu, Asabe. Gidajensu sun rushe."

"Duk majalisar ba mai hannun riƙe guduma sai kai?"

Sai Inna ta yi magana, ba tare da ta juyo ba. Muryarta ta fito sarai, irin yadda ba mu ji ta ba tun farkon ciwon.

"Asabe, ki ce wa mutumin nan ya je. Masu ruwa a ɗaka sun fi ni buƙatarsa." Ta gyara kwanciya. "Ai ba za a bar wurinsa haka ba."

Na ɗauka tana nufin Asabe da mahaifiyarku. Na nemi ta yafe mini, ta ɗaga hannu kaɗan ta sauke. Asabe ba ta raka ni ko zaure ba. Mahaifiyarku, Hajiya Binta, ta riƙo jakata har mota, sai da na zauna ta ce Allah Ya kiyaye hanya. Muka fita ta Shadawanka ana yayyafi, muka wuce Miri, gero ya yi tsayi har ya rufe bukkokin da ke bakin titi. Na tuna na juya ina kallon duwatsun bayan garin, inda rugarsu Inna take a da, har suka ɓace.

Ranar Alhamis na buɗe durowar gidana na Abuja na zaɓi wata babbar riga ruwan toka mai aikin zare baƙi. Sabuwa ce, a can aka ɗinka mini, ba ta taɓa zuwa Bauchi ba. Ku riƙe wannan. Na kira gida, Binta ta ce Inna ta sha kunu cokali kaɗan ta koma barci. Na shiga zaure. Akawu ya miƙe ya sanar cewa shugaba da mataimaki ba sa nan. Jagora ya ambaci sunana, wani daga ɗaya ɓangaren ya mara masa baya, aka ce ee, ba wanda ya ce a'a. Dogarin majalisa ya zo ya tsaya a gefena, ya yi mini jagora har gaban kujerar, aka daidaita sandar majalisa a mazauninta.

Na shekara da shekaru ina kallon kujerar nan daga ƙasa, ban san yadda zaure yake daga samanta ba. Kowa na ƙarƙashinka, kowace fuska ta juyo gare ka, ba taga ko ɗaya, ba ka sanin ko rana ake ko hadari. Kujerar ta fi ƙarfin jikina, sai da na matso bakinta kafin ƙafafuna su taɓa ƙasa. Na karanta addu'ar buɗe zama, aka amince da bayanan zaman baya, na buga guduma karo na farko, ƙararta ta fi yadda na zata. Akawu na zaune a ƙasana kaɗan, yana juyowa yana raɗa mini abin da ke biye. Muka shiga ƙudirin agaji, ana bin sa sashe-sashe. Duk wannan ina tuna shi kamar jiya. Ina tuna wani sanata daga kudu yana bayanin yadda ruwa ya tafi da gadar garinsu.

Yana cikin magana na ji ƙamshin man shanu. Na ɗauka hancina ne. Sai turaren wuta ya biyo baya, irin na ɗakin Inna, mai haɗin jiƙo da Asabe ke yi da hannunta. Sannan na fara jin ruwan sama a kan kwano, ɗis-ɗis da farko, ya yi ta ƙaruwa har ya danne muryar mai magana. Ina ganin bakinsa na motsi, ba na jin komai sai ruwa. Na kai hannu zan ɗauki gudumar, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Riƙo ne marar ƙarfi, yatsu sirara masu sanyi. Na dubi hannun, ba kowa. Na buɗe baki zan kira akawu.

Abin da na sani bayan wannan shi ne ina tsaye, gudumar na hannuna, zaure na tafi, dogari ya ɗauki sanda yana jira in bi bayansa. Na dubi agogon bango, la'asar ta yi. An buɗe zama da hantsi. Duk abin da ke tsakani babu shi a kaina, ba kamar barci ba, don mai barci ya san ya yi barci. Kamar an yanke tsakiyar zani ne aka haɗa bakin da baki.

A farfajiya suka kewaye ni. Jagora ya rungume ni yana cewa bai san haka nake ba. A bakinsu na ji cewa ƙudirin ya wuce. A bakinsu kuma na ji cewa ana tsaka da aiki wani matashin sanata ya miƙe da littafin ƙa'ida a hannu, yana neman a saurari ƙorafi kan shugabancin majalisa, zaure ya hargitse, mutane sun tashi tsaye, ni kuma na bar su suka yi ta yi har suka gaji, sannan na ce masa, kujerar nan aro ce a hannuna, ba zan saurari maganar mai ita a bayan idonsa ba, zauna. Ya zauna. Ina ta gyaɗa kai ina amsa gaisuwa, ban san ko kalma ɗaya daga ciki ba. Sai direbana ya kutso da wayata a hannu, da na ga fuskarsa na san Inna ta cika.

Kafin in bar Abuja an riga an kai ta. Na iso Bauchi da safiyar Juma'a. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune. Da na fito daga mota sai hirar ta mutu. Na yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Na miƙa wa Malam Bappa hannu, telan da shagonsa ke jikin katangarmu, wanda muka yi wasan ƙasa tare, sai ya kalli hannun, ya kalli rigar da ke jikina, don ban canza ta ba, ya ja da baya har ya taka tabarma da takalmi. Na ɗauka fushi suke da ni don ban samu jana'iza ba, kuma na ga suna da gaskiya.

Binta ce ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta jingina da ƙofar ba ta zauna ba.

"Alhaji, jiya ina ka shiga bayan ka fita daga ɗakin Inna?"

"Wane ɗakin Inna? Jiya ina Abuja."

"Kada ka yi mini haka. Don Allah kada ka yi mini haka."

Na rantse mata. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ba ni labari tana kallon ƙafafuna. Gab da azahar aka kece da ruwa. Tana tsakar gida tana kwashe shanya sai ta ji sallamata a zaure. Na shigo da wannan rigar ruwan toka, ta ce har ta yi niyyar tambayar inda na samo ta. Ta yi mini sannu da zuwa, ta ce ashe an fasa zaman, na gyaɗa kai na wuce ɗakin Inna. Ta biyo ni da ruwan sha. Ta tarar na zauna a gefen gado, inda ban taɓa zama ba, Inna ta juyo daga bango ta riƙe mini wuyan hannu tana kallon fuskata. Asabe na ƙafar gado, nas ɗin na tsaye da robar ruwa. Na yi ta karanta mata Yasin a hankali, da irin jan da mahaifina ke yi. Binta ta fita ɗora ruwan zafi, da ta dawo na riga na laƙƙana mata kalmar shahada, ta cika. Ni na rufe mata ido. Na miƙe na nufi zaure, suka ɗauka zan sanar da maza ne. Sai da aka zo neman wanda zai ba da izinin wanka aka rasa ni.

"Kuma Alhaji," in ji ta, "ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, amma rigarka a bushe take. Sai daga baya na tuna."

Sauran a bakin Malam Bappa ya fito, ba a gabana ba. Yana bakin shagonsa ya ga na shigo layin da ƙafa, ba mota. Ya gaishe ni, na amsa, na shiga gida. Ya koma cikin shago, inda samari suka fake wa ruwa suna kallon talabijin da janareto, sai ga ni a kan kujerar majalisa, kai tsaye, da rigar da ya gani yanzu, ina buga guduma. Nas ɗin ma da aka tambaye ta a wajen zaman makoki ba ta ɓoye ba. Da gurguwar Hausarta ta ce Oga ya zo, ita ta matsa masa ya zauna, Mama ya riƙe hannunsa har ya mutu. Ba ta sake tako gidanmu ba, ko kayan aikinta sai aikowa ta yi aka ɗauka.

Bayan addu'ar bakwai na sa aka kawo mini faifan zaman. Na kalle shi ni kaɗai da rana tsaka. Ga ni nan a kujera, muryata ce, tarina ne, har yadda nake gyara tabarau da ɗan yatsa. Na ga inda na dubi hannuna na dama na ɗan daskare. Daga nan mutumin da ke kan kujerar ya gyara zama, ya jingina baya sosai kamar don shi aka sassaƙa ta, ya ci gaba da aiki. Bai sake duban akawu ba. Yana kiran sassan ƙudirin da ka, yana kiran kowane sanata da sunan mazaɓarsa, har waɗanda ni ban taɓa riƙe sunayensu ba. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na kashe, ban sake kallo ba.

Na je wajen malamai, ciki har da abokan mahaifina da suka rage. Wani ya ce aljani ne ya ɗauki kamannina, wani ya ce rahama ce Allah Ya yi wa tsohuwa, kada in tona. Wani likita abokina ya ce gajiya da damuwa kan sa mutum ya yi aiki bai sani ba, mata kuma cikin tashin hankali suna iya ganin wanda suke jira. Na tambaye shi rigar fa, ya sauya zance. Ni dai na zaɓi abin da zuciyata za ta iya ɗauka. Na ce wa kaina Allah ne Ya ɗauke ni Ya kai ni wurin uwata, Ya sa wani ya riƙe mini kujera, Ya kuma shafe mini tunawa don kada hankalina ya gushe. Da wannan na rayu shekaru masu yawa.

Gari kuwa ya zaɓi nasa. Aka ce ba a hawa irin wannan kujera a banza, aka ce na shiga ƙungiyar asiri, aka ce an nemi jinin gida na bayar, na zo da kaina na ɗauka. Ba wanda ya faɗa a gabana. Sai dai na ga sahun masallacin ƙofar gida na raguwa duk ranar da na shiga gaba, har wata asuba na yi sallama na juya na ga direbana kaɗai. Daga ranar na bar wa wani limanci a masallacin da ubana ya gina. Idan na aika da abincin sadaka, almuru na yi sai a ga kwanukan a bakin kwata ba a taɓa ba. Ranar ɗaurin auren Yayarku Hadiza, kun ga yadda layinmu ya kasance. Mahaifiyarku ba ta taɓa zargina ba, amma har ta koma ga Allah, idan na yi sallama na shigo, sai ta dubi ƙafafuna, ta yi mini wata 'yar tambaya, me muka ci jiya, wa ya zo da safe, sannan ta saki fuska. Ta ɗauka ban lura ba.

A Abuja kuwa daraja ta ƙaru. Shugaban majalisa ya dawo ya zo har gida ya yi mini ta'aziyya da godiya. Da aka sake samun ranar da ba ya nan shi da mataimakinsa, ni aka fara nema, na ce ba ni da lafiya. Da zaɓe ya matso, manya suka zo suka ce in koma, har da alkawarin cewa wannan karon kujerar ba aro za ta zama ba. Na ba su haƙuri. An ce tsoron tonon asiri ne ya sa na janye. Tsoro ne, amma ba wannan ba. Ina tsoron in sake hawa in ji an jingina da bayana. Na dawo na kama noma a gonar Miri, kuma agajin da aka amince da shi a ranar ya isa inda ya isa, na ga wasu daga cikin gidajen da aka sake ginawa. Ban taɓa cewa tafiyar banza na yi ba.

Asabe ba ta shiga maganar gari ba, ba ta kuma kare ni ba. Bayan arba'in ta tattara kayanta ta koma Tirwun wajen ɗanta. Idan na je, za ta gaishe ni, ta sa a kawo mini ruwa, ta amsa abin da na tambaya, shi ke nan. Duk lokacin da na ɗauko zancen ranar sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Haka muka tsufa. Sai bara, da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ta aiko jikanta a kan babur ya ce Goggo na kira. Na same ta a tsakar gida an shimfiɗa mata katifa a inuwa. Ta kori yaran, ta ce in matso.

"Yaya, akwai abin da na riƙe maka. Ina jin haushinka ne na riƙe, yanzu kuma ina tsoron in tafi da shi."

Na ce ina ji.

"Lokacin da Binta ta fita ɗora ruwa, nas ɗin ma ta bi ta wanke hannu. Daga ni sai Inna sai shi. Ya kai ƙarshen sura. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, sannu bawan Allah, ka yi ɗawainiya. Ya ce, ba komai Inna, riƙe masa nake yi. Da muryarka ya faɗa."

Iska ta taso ta kaɗa labulen ƙofarta.

"Ke kin san ba ni ba ne?"

"Tun da ta kalle shi na sani. Ita ma ta sani." Ta goge ido da gefen mayafi. "Sai ta ce masa, to idan ka gan shi, ka ce masa ban yi fushi ba, ni na ce ya je. Ka ce masa Sulaimanu ya yi abin da ya kamata. Yaya, sunanka ta faɗa. Da bakinta. Shi kuma ya ce, zan gaya masa, in lokacin ya yi."

Na zauna a wurin har inuwa ta bar mu. Ta roƙe ni gafara, na roƙe ta, muka yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti. Ba ta ƙara wata biyu ba ta rasu, kuma ni na ja sallarta, mutanen Tirwun ba su san komai ba, suka bi ni sahu-sahu.

To kun ji. Ban ba da uwata ba, kuma ta tafi ba ta riƙe ni da komai ba. Wannan shi ne abin da nake so ku gaya wa 'ya'yanku idan an tare su da zancen. Abin da ba zan iya ba ku amsarsa ba shi ne inda nake a tsakanin hantsi da la'asar ɗin nan, tunda ba ni ne a gefen gadon ba, kuma ban san mutumin da ke cikin faifan ba. Na daina tambaya.

Sai dai abu ɗaya. Asabe ta ji saƙon ne kawai, ba ita aka ba ba. Wanda aka ba ya ce zai kawo, kuma har yau bai kawo ba. Shi ya sa kuke ganin na koma zama a zaure bayan azahar, na hana a rufe ƙofa ko ana ruwa. Idan wata rana ɗayanku ya shigo layin nan ya hango ni ina tafe da ƙafa, alhali ya san ya bar ni a ciki, kada ya tare shi, kada ya yi ihu. Ya amsa masa sallama, ya nuna masa inda nake.